Matambayi Ba Ya Ɓata: Sanatan Jiha Ko Sanatan Shiyya?

Assalamu alaikum. Saƙonnin da suka taru a wannan karo galibinsu kan kujerar sanata suke, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Masu tambaya kan takardar fili da rabon gado su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Malam, barka da ƙoƙari. Ni matuƙin Keke Napep ne, rediyo ba ya barin kunnena. Na sha jin cewa a Amurka jiha ce gaba ɗaya take fitowa ta zaɓi sanata, kamar yadda muke zaɓen gwamna. Mu kuwa an raba mu gida uku. Me ya kawo bambancin? Kuma ashe ba zai fi mana ba a ce kowane ɗan Kaduna yana da hannu a zaɓen sanatocin nan uku? (Daga wani matuƙi, Tudun Wada, Zariya)

AMSA: Ɗana, daidai ka ji. Amurka jihohi 50 gare ta, kowace jiha sanata biyu, ka ga 100 ke nan. Ba su san shiyya ba a wannan zaɓe. Mutumin birni da manomin da ke can kan iyakar jihar sunayen 'yan takara iri ɗaya suke gani a takardar ƙuri'a, a ƙarshe kuma a tattara ƙuri'un jihar a wuri ɗaya a ƙidaya.

Abin ya samo asali ne daga wata taƙaddama a 1787, lokacin da suka zauna a Filadelfiya suna rubuta kundin tsarin mulkinsu. Jihohi masu jama'a suka ce a raba kujeru bisa yawan mutane. Ƙananan jihohi suka ce in haka ne an binne su da rai. Sai aka yi sulhu: Majalisar Wakilai ta bi yawan jama'a, Majalisar Dattawa kuwa kowace jiha daidai take da 'yar'uwarta. Shi ya sa yau Kalifoniya mai mutum kusan miliyan 39 take da sanata biyu, Wayomin da ba ta kai mutum 600,000 ba ita ma biyu. Ko a ƙidayar 2006, in ka haɗa ƙaramar hukumar Zariya da ta Sabon Gari sun fi Wayomin yawa. A tunaninsu sanata ba wakilin unguwa ko yanki ba ne, wakilin jiha ne a matsayinta na jiha.

Da farko ma talaka ba shi da ta cewa. Majalisun dokokin jihohi ne suke naɗa sanatoci, har abin ya lalace da cin hanci da jayayya, wata jihar ta yi wata da watanni kujerarta babu kowa saboda 'yan majalisa sun kasa daidaitawa. Sai a 1913, da gyara na 17 ga kundin, aka miƙa zaɓen ga jama'a kai tsaye. Wa'adinsu shekara shida ne, kuma ba a sauke majalisar rana ɗaya. Duk bayan shekara biyu ake zaɓen kashi ɗaya cikin uku. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa: kujeru biyun jiha ɗaya ba sa faɗowa a shekara ɗaya, sai in mutuwa ko murabus ta sa an yi cike gurbi.

Mu kuwa a 1979 muka aro tsarin shugaban ƙasa daga wurinsu. A Jamhuriya ta Biyu kowace jiha sanata biyar take turawa, jihohi 19, sanatoci 95, a lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna don sai 1987 aka yanke ta. Kundin 1999 da muke kai yanzu, sashe na 48 ya ce uku daga kowace jiha, ɗaya daga Abuja, 109 ke nan, sashe na 71 kuma ya ɗora wa hukumar zaɓe raba kowace jiha zuwa mazaɓun sanata uku. Daidaiton jihohi mun ɗauko shi yadda yake. Bayelsa mai ƙananan hukumomi 8 sanata uku, Kano mai 44 ita ma uku. A Majalisar Wakilai ne ake ganin bambancin: Kano 24, Kaduna 16, Bayelsa 5. Abin da ba mu ɗauko ba shi ne zaɓen jiha baki ɗaya.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, kuma amsata a nan ita ce a'a, ba zai fi mana ba. Ba sai mun je da nisa ba, muna da zaɓen da duk jihar take yi tare, wato na gwamna. Lissafa mini waɗanda suka hau tun 1999: Ahmed Makarfi, Namadi Sambo, Patrick Yakowa, Ramalan Yero, Nasir El-Rufa'i, Uba Sani. A cikinsu Yakowa kaɗai ya fito daga kudancin Kaduna, shi ma ya fara hawa ne a 2010 da aka ɗauki Namadi Sambo mataimakin shugaban ƙasa, kafin ya ci zaɓen 2011. To ka ɗauki kujeru uku ka sa su a rana ɗaya, masu zaɓe ɗaya, tunda mu duk bayan shekara huɗu muke sauke majalisar gaba ɗayanta. Malmala uku ce a akushi ɗaya, mai dogon hannu zai kwashe. Ƙananan hukumomi takwas na kudu za su iya wayar gari babu ɗansu ko ɗaya a zauren. A jihar da ta sha abin da Kaduna ta sha, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne. Da tsarin shiyya, ko jam'iyya ɗaya ta share kujerun, kamar yadda PDP ta yi a ranar 25 ga Fabrairun 2023, kowane yanki nasa ya tura: Khalid Ibrahim Mustapha daga arewa, Lawal Adamu Usman daga tsakiya, Sunday Marshall Katung daga kudu.

Amma kada in rufe maka ido, tsarin Amurkawa yana da alherinsa. Da a ce ɗan takara daga Soba yana bukatar ƙuri'ar Kafanchan da Kagoro da Birnin Gwari, dole ya taka can da ƙafarsa, ya zauna da dattawansu, kuma ya iya bakinsa a kan mumbarin kamfen. A tsarinmu mutum yana iya cin zaɓe ta hanyar tsorata shiyyarsa da wata shiyyar, ba abin da zai rasa. Wannan illa ce ta gaske. Sai dai kuma faɗin fili kuɗi yake ci. A 2020 wani ɗan takara mai suna Jaime Harrison ya tara sama da dala miliyan 100 don kujera ɗaya a Karolina ta Kudu, kuma Lindsey Graham ya kayar da shi. Mu da ƙananan hukumomi takwas ma suke gagarar wanda ba shi da uban gida, in aka ce duka 23 na jihar ne, kujerar ta zama ta tsofaffin gwamnoni da masu jirgin sama. Dama can sun fara mayar da ita wurin hutawa.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi rajistar katin zaɓe a Shika. Maigidana kuma a Samaru ya yi tasa. Ranar zaɓe da muka dawo gida muna hira, sai na ga sanatan da ya zaɓa ba ya ma cikin waɗanda muke zaɓa. Shika da Samaru fa tafiyar 'yan mintoci ce. Kuskure aka yi? (Daga wata mai karatu, Shika)

AMSA: 'Yata, babu kuskure. Shika tana cikin ƙaramar hukumar Giwa, Giwa kuwa a mazaɓar Kaduna ta Tsakiya take, tare da Igabi, Birnin Gwari, Chikun, Kajuru, Kaduna ta Arewa da Kaduna ta Kudu. Samaru tana Sabon Gari, wadda take mazaɓar Kaduna ta Arewa tare da Zariya, Soba, Ikara, Kubau, Kudan, Makarfi da Lere. Ke da mutumin Kawo da na Sabon Tasha sanata ɗaya gare ku, maigidanki kuma shi da mutumin Saminaka. Shika da Samaru duk ƙasar Zazzau ce a sarauta, amma layin hukumar zaɓe ba ya bin layin masarauta. In kin koma Samaru da zama kina iya neman a mayar da rajistarki can, muddin kin yi hakan a lokacin da hukumar ta buɗe rajista, ba ana saura mako guda zaɓe ba. In kuwa kin bar ta yadda take, gidanku yana da baki a kujeru biyu, ba laifi ba ne.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne, hatsi nake sayarwa. Duk mai neman sanata da ya shigo kasuwarmu alkawarinsa ɗaya ne: kwalbati, rijiyar burtsatse, taransifoma. Ɗana da ke karatu ya ce wannan ba aikin sanata ba ne sam. Wa ke da gaskiya? (Daga wani Alhaji, kasuwar Sabon Gari)

AMSA: Alhaji, Allah ya yi wa yaron albarka, ya fi kusa da gaskiya. Kwalbatin layi da rijiya aikin ƙaramar hukuma ne da gwamnatin jiha. Sai dai 'yan takarar ma ba ƙarya zalla suke yi ba. Akwai abin da ake kira ayyukan mazaɓu: ɗan majalisa ya sa sunan aiki a kasafin kuɗin tarayya, wata ma'aikata ko hukuma ta bayar da kwangilar. A takarda kuɗin ba ya bi ta hannunsa. Yadda abin yake a zahiri kuwa, ya isa ka sani cewa tun 2019 hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci take bin diddigin irin waɗannan ayyuka jiha-jiha, don an sha ganin allon kwangila a tsaye ba aikin.

Ainihin aikin yana can cikin zaure. Su ne suke yin doka tare da Majalisar Wakilai, su amince da kasafin kuɗi, su binciki ma'aikatu. Akwai kuma ikon da su kaɗai suke da shi, wakilai ba su da hannu: tantance ministoci, jakadu, alƙalan Kotun Ƙoli da shugaban hukumar zaɓe. Ɗan Zariya Tajudeen Abbas, Iyan Zazzau, yana riƙe da kujerar kakakin Majalisar Wakilai tun 2023, amma duk girman kujerar nan ba a kai masa sunan minista ya tantance.

Bari in tuna maka abubuwan da ka gani da idonka. A watan Mayun 2006 Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da gyaran kundin da zai ba Obasanjo tazarce. A watan Yulin 2023 aka kai sunan El-Rufa'i cikin ministoci, ya bayyana a gabansu a watan Agusta, majalisar ba ta tabbatar da shi ba, maganar ta mutu a nan. Wanda ya fi shafar mu kuwa shi ne na Maris 2018. Gwamnatin Kaduna ta nemi rancen dala miliyan 350 daga Bankin Duniya, majalisar ta ƙi, kuma sanatocin jihar uku, Shehu Sani, Suleiman Hunkuyi da Danjuma La'ah, duk sun tsaya a kan kada a ba da. Majalisar da ta biyo baya ce ta amince. Har yau in ka zauna a teburin mai shayi a PZ da ke Zariya za ka ji masu cewa sanatocin sun hana jiha ci gaba, da masu cewa sun hango nauyin bashin da za a bar wa na baya. Ko wane ɓangare kake, ka lura da girman abin: mutum uku, dala miliyan 350. Kwalbati nawa ke nan?

Don haka in sun sake shigowa kasuwa, ku karɓi alkawarin rijiyar, ruwa ba abin ƙi ba ne. Amma cikinku a samu mai tashi ya tambaye shi matsayinsa kan ciwo bashi, kan rabon harajin VAT da ya tayar da ƙura a ƙarshen 2024, kan shigo da hatsi daga waje da yake karya muku farashin masara. A nan za ka gane wanda ya san inda za shi. Wanda ya fara kame-kame yana cewa "za mu duba", taliyarsa kawai ya zo rabawa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibar shari'a ce. Na karanta cewa a 2021 sai da aka je zagaye na biyu a zaɓen sanata a wata jihar Amurka. Muna da irin haka? Kuma in rigima ta taso, ina take ƙarewa? (Daga wata ɗaliba, Kongo)

AMSA: Jojiya kike nufi. Dokar jihar ta ce sai ɗan takara ya haura rabin ƙuri'un da aka kaɗa, in ba haka ba na ɗaya da na biyu su sake karawa. A ranar 5 ga Janairun 2021 kujerunta biyu duka aka sake, ɗaya ta cikar wa'adi, ɗaya ta cike gurbi. Jon Ossoff da Raphael Warnock suka ci, majalisar ta rabu 50 da 50, ƙuri'ar raba gardama ta koma hannun mataimakiyar shugaban ƙasa Kamala Harris. Amma wannan dokar Jojiya ce. Yawancin jihohinsu kamar mu suke, wanda ya fi ƙuri'a ya ci.

A nan babu zagaye na biyu a zaɓen sanata. Sharaɗin samun kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi na gwamna ne, ki duba sashe na 179. Sanata ko da ƙuri'a ɗaya ya ɗara ya ci. Kada ki haɗa wannan da abin da ake cewa zaɓe bai kammala ba. Shi wannan yana faruwa ne in tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu zaɓe a rumfunan da aka soke ba, sai a koma waɗannan rumfuna kawai.

Batun kotu, ki haddace lambobi uku: kwana 21 na shigar da ƙara bayan bayyana sakamako, kwana 180 ga kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta yanke hukunci, kwana 60 na ɗaukaka ƙara. Shari'ar sanata a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa, ba ta kaiwa Kotun Ƙoli kamar ta gwamna. Misalin yana ƙofar gidanmu. A 2011 aka bayyana Yusuf Datti Baba-Ahmed na CPC a matsayin wanda ya ci Kaduna ta Arewa, aka rantsar da shi, ya zauna a zauren, daga baya kotu ta mayar wa Makarfi kujerar. Kwatanta da Minesota a 2008, inda Al Franken ya ɗara Norm Coleman da ƙuri'a 312 a jiha guda. Can kujerar ta zauna babu kowa har watan Yulin 2009, bayan an gama shari'a. Mu mukan rantsar sannan mu yi shari'a, kuma ni ban ga laifin haka ba, gara mazaɓa ta samu mai zama mata da a bar ta wata shida ba murya.

Malamanki za su so su kama ki a wuri ɗaya. Rigimar zaɓen fid da gwani daban take, ita takan kai Kotun Ƙoli. Ta wannan ƙofa ce a Fabrairun 2023 kotun ta ba Ahmad Lawan takarar Yobe ta Arewa a kan Bashir Machina, hukuncin da har yanzu lauyoyi suke ta muhawara a kansa.

TAMBAYA: Malam, shekarata 29. Zan iya tsayawa sanata? Na ji an rage shekaru. (Daga wani matashi, Ƙofar Doka)

AMSA: Da sauranka, ɗana. Gyaran 2018 ya sauko da shekarun shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na ɗan Majalisar Wakilai da na majalisar jiha daga 30 zuwa 25. Na sanata aka bar shi a 35, kuma dattawan da kansu suka zauna a kan gyaran. A Amurka 30 ne. Kana kuma bukatar karatu zuwa matakin sakandare da jam'iyyar da za ta tsayar da kai. Majalisar jiha a buɗe take gare ka tun shekara huɗu da suka wuce.

TAMBAYA: Malam, in mun zaɓi sanata ya tafi Abuja ya manta da mu, ko ya sauya sheƙa, dole sai mun jira shekara huɗu? (Daga wata Hajiya, Gyallesu)

AMSA: Hajiya, a takarda ba dole ba ne. Sashe na 69 ya ba ku damar kiranye, abin da Amurkawa ma ba su da shi a kan sanatocinsu. Amma ji sharaɗin. Sai fiye da rabin duk masu rajista a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke, ba rabin waɗanda suka fito zaɓe ba. Hukumar zaɓe ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. A ƙasar da a zaɓen 2023 ko kashi ɗaya cikin uku na masu rajista ba su fito ba, kin ga tsawon katangar. An gwada a kan Dino Melaye na Kogi ta Yamma, a 2018 abin ya rushe tun a matakin tantance sa hannu. Tun 1999 ba a taɓa sauke sanata ta wannan hanya ba.

Sashe na 68 ma ya faɗi wasu hanyoyin. Majalisa dole ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, kuma wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaman ba tare da uzuri ba, kujerarsa ta faɗi. Haka wanda ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi, sai fa in jam'iyyar ta dare gida biyu ko ta narke cikin wata. Shi ya sa duk mai sauya sheƙa wasiƙarsa ba ta rasa ambaton rikici a tsohuwar jam'iyyarsa. Wanda kuma kundin ya ɗora wa bayyana cewa kujerar ta faɗi shi ne shugaban Majalisar Dattawa, kuma galibi jam'iyyarsa ce mai sauya sheƙar yake komawa.